Wa Ke Yi wa Coci Yaɓe?

Wanda ya sauka Jiddah a shekarun baya ya shiga Ruwais, tsohuwar unguwar nan da ke arewa da Balad ta wajen teku, zai ga masallaci kusan a kowane lungu, zai kuma ci karo da Hausa a bakin Takari da jikokinsu, amma ko zai shekara yana yawo ba zai ga coci ba. Saudiyya gaba ɗayanta ba ta ba da izinin gina wurin ibadar da ba na Musulunci ba. Akwai wata Ruwais ɗin a yammacin Abu Dhabi, garin matatar mai, inda 'yan Katolika ke da cocinsu mai sunan Yohanna Mai Baftisma, haka Kuwait da Bahrain da Ƙatar duk suna da nasu. Ta Jiddah kam babu. Abin da ya fi kusa da kadarar Kirista a birnin shi ne tsohuwar maƙabartar waɗanda ba Musulmi ba, kusa da Balad, wadda duniya ta ji sunanta ranar 11 ga Nuwamba 2020, lokacin da bom ya tashi ana tsakiyar taron tunawa da ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Kiristocin kuwa suna nan, ana ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya a faɗin ƙasar. Akwai ma'aikatan jinya 'yan Filifin, da direbobi da injiniyoyi 'yan Indiya, da 'yan aikin gida daga Habasha da Kenya da Uganda, da 'yan kasuwa daga Labanan da Masar. Mai son ibada cikin jama'a sai ya nemi falon wani, a saki labule, a rage murya, galibi ranar Juma'a tunda ita ce ranar hutu. 'Yan Katolikansu a kan takarda suna ƙarƙashin bishop ne da ke zaune a Bahrain. Tun da aka karɓe wa 'yan Hisbar ƙasar ikon kama mutane a 2016 an ɗan sami sarari, sai dai dokar gini tana nan yadda take. Irin wannan taro ba shi da rufin da zai yi yoyo, ba shi da bangon da zai tsage, amma yana da ɗawainiyarsa: wani ya ba da ɗaki, wani ya kwaso mutane a motarsa, a yi karo-karo in wata ta kwanta ciwo ko in za a mai da gawa gida.

Na fara da Ruwais ne don ta fito da wani bambanci da Kiristocin Hausa suka daɗe suna yi a bakinsu. Ginin shi suke kira majami'a, ko coci a maganar yau da kullum, mutanen kuwa su ne ikilisiya. A Jiddah akwai ikilisiya babu majami'a. A ƙasarmu akwai duka biyun, kuma ba kasafai ake tambayar wa ke riƙe da su daga Litinin zuwa Asabar ba. Mu da muka taso cikin Musulmi, amsar da muka gada gajeriya ce: ai Turawa ke aiko musu da kuɗi. Na daɗe ina zargin wannan amsa da cewa ta rufe mana ido daga abin da ke gabanmu. In za a gwada ta, babu inda ya fi Wusasa, domin in akwai cocin da Turawa suka kafa da hannunsu a tsakiyar ƙasar Hausa, to nan ne.

A 1900 wata tawaga ta mutum biyar daga CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, ta isa Kano ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. Cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda sai da ya zauna a Tarabulus ya koyi Hausa kafin ya taho. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, suka juya zuwa Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗayansu ya rasu. A 1905 Miller ya sami shiga birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya buɗe makaranta da ɗakin magani a Durumin Maigarke. Shekaru suka shuɗe mabiyan ba su taka kara sun karya ba, sai a 1913 da wasu Isawa suka neme shi. Isawan nan mabiyan koyarwar wani Malam Ibrahim ne da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a karatunsa, mabiyansa suka watse wajen Ningi da ƙasar Zazzau. An tara su a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, daga ƙarshe a 1929 aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa gindin dutsen Wusasa, kusa da Kufena. A nan aka gina cocin St. Bartholomew, Rabaran Guy Bullen ne ke kula da wurin a lokacin.

Ƙaramin gari ne, amma sunayen da suka fito daga cikinsa ba ƙanana ba ne. Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Janar Yakubu Gowon ma a nan ya girma, mahaifinsa mai bishara ne. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito cikakke a 1932 kuwa, aikin Miller ne da abokan aikinsa.

Abin da ya fi jan hankalina a cocin St. Bartholomew shi ne da ƙasa aka gina shi, irin ginin soron gargajiya, aikin magina Hausawa. Zariya dama garin magina ne, garin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na birni zamanin Sarki Abdulkarim, tun ƙarni na 19. Duk wanda ya taso a gidan ƙasa ya san cewa irin wannan gini ba a gama shi. Ana jera tubali, a ɗaura bakan gizo da azara, a yi rufi, a kafa indararo, amma daga ranar da magini ya wanke hannu aka shiga bashin damina. Kafin ruwan farko sai an hau soro an duba inda ya tsage, an tuge ciyawar da ta tsiro, an buɗe indararon da ya toshe, domin ruwan da ya kwana a kan soro shi ke kayar da shi. Sai a yi yaɓe, a bi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Gara tana bin azara ta ciki ba a gani, jemagu suna neman inda za su maƙale, danshi yana cin gindin bango daga ƙasa. Shekara guda aka yi sakaci, ta biyu an ga ƙaramar tsaga, ta uku ƙadangare ya sami wurin shiga. Saboda haka ginin ƙasa ba ya ƙarya. In ka ga soro ya kusa shekara ɗari a tsaye, to akwai mutanen da ba ka san sunansu ba da suka yi ta hawa kansa kowace bazara. Baturen da ya sa aka gina na Wusasa ya bar ƙasar tun da daɗewa, ya zama mataimakin bishop a Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937. Ba shi ya yi yaɓen bara ba.

Su kansu 'yan mishan ba su yi niyyar ciyar da coci har abada ba. Henry Venn, wanda ya riƙe sakatarcin CMS daga 1841 zuwa 1872, shi ya kafa ƙa'idar cewa cocin 'yan ƙasa ya ciyar da kansa, ya mulki kansa, ya yaɗa kansa. An yi ta jan ƙafa wajen cika ta, musamman ɓangaren mulki, amma a ƙarshe haka aka yi. Majami'un da SIM ta kafa, mishan ɗin da ya shigo a 1893, sun zama ECWA a 1954. Waɗanda suka fito daga wasu mishan ɗin sun haɗu a 1955 a ƙungiyar da yanzu ake kira TEKAN, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kwalejin Kufena, Turawan da suka rage suka yi ta raguwa. Wusasa ta zama dayosis mai cin gashin kanta a 1997, da Ali Buba Lamido a matsayin bishop na farko. 'Yan Katolika ma sun sami dayosis a Katsina a 2023, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi. Taimakon waje bai ƙare ƙaf ba, yana zuwa asibitoci da makarantun horar da limamai da agajin 'yan gudun hijira, kuma Katolika tana da hanyoyinta daga Rum. Amma man janaretan ranar Lahadi da albashin mai gadi ba daga Landan suke zuwa ba.

Mu da ke wucewa ta waje Lahadi kawai muke gani, mutane cikin kwalliya da sautin ganga. Makon coci ya fi haka tsawo. Da asuba akwai addu'ar safe, wadda galibi tsofaffi da mata ke riƙe da ita. A tsakiyar mako akwai nazarin Littafi da taron addu'a. Mawaƙa suna da ranakun gwajinsu, matasa suna da tasu, 'yan Birged, ƙungiyar yaran coci, suna fareti a fili da yamma, masu shirin baftisma suna zama gaban katikis ko mai bishara. Asabar ranar shara ce da goge kujeru da wanke zannuwan bagadi, kuma a wurare da yawa ana raba aikin ne unguwa-unguwa ko ƙungiya-ƙungiya. A garuruwa irin Zariya da Kano sujadar Lahadi kan kasu biyu, ta Turanci da ta Hausa, kuma abin lura shi ne ta Hausar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Bajju da Ngas da Bura da Tangale da Zuru duk da Hausa suke waƙa da addu'a, daga Littafin Waƙoƙi guda. Hausawa da Fulani da Barebarin da ke Kirista, masu kiran kansu Masihiyawa, 'yan kaɗan ne a cikin wannan taro, amma harshensu ne ya haɗa shi.

Fasto, ko Rabaran, ko Fada a wajen 'yan Katolika, shi ake gani a gaba, sai dai ba shi ke riƙe da jaka ba. A Angilika akwai wakilai biyu masu kula da dukiya da gini, ɗaya limami ke zaɓa, ɗaya jama'a, sannan ga majalisar coci da ake zaɓa a taron shekara. A ECWA dattawan ikilisiya ne, da magatakarda da ma'aji. In an tashi sujada ba mutum guda ke ƙirga kuɗi ba, mutum biyu ne ko uku, a rubuta, a sa hannu, a kai banki, kuma ba a fitar da ko sisi sai da hannun fiye da mutum ɗaya. Ana karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, wani wurin duk wata, wani wurin duk wata uku, kuma tsohuwar da ta jefa naira ɗari tana da bakin tambayar ina aka kai ta. Ba na cewa ba a ci, ana ci, kuma rigimar kuɗi ta raba coci fiye da rigimar aƙida. Amma akwai littafi, kuma in an ci ana iya ganowa.

Kuɗin da ke shigowa iri-iri ne. Akwai baiko, wanda ake jefawa a faranti ko jaka ko akwati kowace sujada, sau da yawa ana rawa ana zuwa gaba layi-layi. Akwai zakka, kuma kalmar nan kan rikita Musulmi, domin tasu kashi ɗaya ce cikin goma na abin da mutum ya samu, ba ɗaya cikin arba'in na dukiyar da ta shekara ba. Ta fi kama da ushirin da manomi ke fitarwa daga hatsin damina. Akwai baikon godiya, na wadda ta sauka lafiya, ko wanda ya tsira daga haɗari, ko ya sami aiki. Sai babbar ranar shekara, godiyar kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, inda ake shigo da damin dawa da buhun masara da doya da kaji da awaki har gaban bagadi, daga baya a yi gwanjonsu. A gwanjon nan zakaran da bai wuce 'yan dubbai a kasuwa ba sai a saye shi ninkin-ba-ninkin, kowa ya san ba zakaran ake saye ba. Yawancin manyan ayyukan shekara, sauya kwano ko fenti ko katanga, a kan kuɗin wannan rana ake ɗora su.

Fitar kuɗin kuwa ta fi shigarsa ƙofofi. Kaso na farko ba ya ma kwana a gida, sama yake tafiya: cocin Angilika yana biyan abin da dayosis ta yanka masa, na ECWA yana aika kaso zuwa majalisar yanki da ta gunduma har hedikwata a Jos. Daga nan sai albashin ma'aikata, gyaran gidan fasto, kuɗin wuta, lasifika da ke lalacewa kullum, kujerun roba da ke karyewa, gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji, abincin baƙi, kuɗin mota zuwa taro. Sai asusun gwauraye da marayu da marasa lafiya, wanda shi ake fara taɓawa in abu ya yi tsanani, abin da bai kamata ba. Shekarar 2023 ta gwada kowa. A farkonta canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, faranti ya dawo kusan wayam, har majami'u suka koma rubuta lambar asusu a allo ana turawa ta waya. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki. Tun daga nan cocin da ke da hali ya koma sola, wanda ba shi da hali ya koma kashe janareta da zarar an gama wa'azi.

A ƙauye lissafin daban ne. A yankunan Maguzawa na Kano da Katsina, wajen Sumaila da Tudun Wada da Malumfashi da Kafur, majami'a sau da yawa ɗaki ne guda na ƙasa da rufin kwano, kujerun kuma dakalin ƙasa ne ko bencin katako. Mai bishara ko katikis ke riƙe da ita, limamin da aka naɗa sai lokaci-lokaci yake zuwa kan babur don baftisma da Jibi da ɗaurin aure. Albashi in akwai shi bai kai ya kawo ba, don haka ana yi masa gayya a gonarsa, ko a ware gonar ikilisiya a noma ta tare a zuba a rumbu. In iska ta yaye kwano a farkon damina, babu kwamiti babu takarda, maza su fito da guduma, mata su kawo kunu. Haka abin yake a ƙetaren iyaka, a ƙauyukan Maraɗi da Tsibiri da kewayen Galmi, inda asibitin SIM yake tun 1950, sai dai can da sefa ake ƙirga baikon.

Duk wannan bayani, in ban ambaci Zumuntar Mata ba, ban ce komai ba. A Arewa kusan babu ɗarikar da ba ta da ita, har Katolika, kowace da ankonta. Su ne ke zama a gefe guda da tulu da kacau-kacau suna rera waƙoƙin da su suka tsara da Hausa, kuma mutane da yawa za su gaya maka don waƙarsu suke sammakon zuwa. Amma waƙar ita ce ƙaramin aikinsu. Suna da Uwar Zumunta, da ma'ajiyarsu, da kuɗin wata da kowace ke biya, da adashi. In an yi haihuwa su ne da sabulu da itace, in an yi rasuwa su ne ke kwana a gidan makoki suna girki, in an kwantar da wani a asibiti su ke kai abinci da juyi. Su ke sharar Asabar, su ke sayen labule da tukwanen taro, kuma sau da yawa in ma'ajin coci ya buɗe littafi ya ga babu, wajen Uwar Zumunta ake zuwa a russuna a ce, Mama, a taimaka. Matar da ke sayar da ƙosai ko daddawa ko 'yar tireda, abin da take ajiyewa naira hamsin-hamsin shi ne ginshiƙin da ba a gani. Abin da ke ba ni mamaki shi ne a majami'u da yawa waɗannan matan ba su da kujera a majalisar dattawa da ke yanke yadda za a kashe kuɗin. Su tara, wasu su raba.

Akwai kuma wani nauyi da coci a Arewa ke ɗauka wanda na Legas ko Inugu bai san shi sosai ba. A watan Maris 1987 rikicin da ya taso daga Kafanchan, inda aka ƙona masallatai, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona majami'u masu yawa. Ranar 17 ga Yuni 2012 aka kai harin bom a babban cocin Katolika na Christ the King da ke Sabon Garin Zariya da wani cocin ECWA a Wusasa. A Nijar ma, ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai bayan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo. Tun daga waɗannan shekaru tsaro ya shiga kasafin kuɗi ya zauna: katanga mai tsawo, ƙofar ƙarfe, na'urar binciken jiki a hannun 'yan Birged, hana mata shiga da manyan jakunkuna, ajiye motoci nesa da gini. A ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba kuwa, har kuɗin fansa ikilisiya ke haɗawa, kamar yadda jama'ar masallaci ke haɗawa a ƙauyen da ke maƙwabtaka da su. Sai batun takarda. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma shugabannin Kirista sun daɗe suna kukan cewa samun takardar mallakar fili don gina coci a jihohin can Arewa abu ne mai wuya. Ginin da ba shi da takarda kuwa, mai shi ba ya sakin jiki ya kashe masa kuɗi, kullum yana jiran ranar da za a shafa masa jan fenti.

In aka leƙa ƙasashen da ake cewa su ke aiko da kuɗin, sai a ga su ma kowa da dabararsa. A Jamus gwamnati ce ke karɓar wa coci haraji daga mabiyansa, kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin albashinsu. A Faransa dokar 1905 ta sa tsofaffin majami'u sun zama mallakar hukuma, shi ya sa da Notre-Dame ta Faris ta ƙone a Afrilun 2019 gwamnati ce ta jagoranci gyaranta har aka sake buɗe ta a Disambar 2024. A Ingila, mahaifar CMS, majami'un ƙauye da yawa tsofaffi 'yan kaɗan ke fama da rufinsu, wasu an rufe an sayar. Cocin ƙasar Hausa ba shi da harajin Jamus, ba shi da baitulmalin Faransa, abin da yake da shi mutane ne da ke cika benci.

To amma kada yabo ya hana faɗin gaskiya. A ganina babbar cutar majami'unmu ita ce son sabon gini da ƙin gyaran tsoho. Kowane sabon limami yana son a ce a zamaninsa aka ɗora harsashin katafaren gini, sai a yi ta kiran taron neman gudummawa, a gayyato ɗan siyasa ya yi alkawarin da ba zai cika ba, a kai gini linta a bar shi shekara goma ruwa na dukansa, alhali bayin da yara ke shiga ya rushe. Da wuya ka ga cocin da ke ware wani kaso duk wata don gyara kawai, sai abu ya lalace a tashi baiko na musamman. Baikon na musamman kuma ya yi yawa. In aka zagaya da faranti sau huɗu a sujada guda, talaka ya fara jin kunyar zuwa, kuma kiran sunan wanda ya ba da dubu ɗari a lasifika yana karya zuciyar wadda ta ba da ɗari biyu. Ga kuma tazarar da ke tsakanin birni da ƙauye a cikin ɗarika guda: can ana shimfiɗa tayil ana saka na'urar sanyaya ɗaki, nan mai bishara yana bin albashin wata shida. Kason da ake aikawa sama an ce don daidaita wannan ne, amma saukowarsa ba ta kai hawansa sauri ba.

Mai karatu Musulmi zai ga fuskar masallacin unguwarsu a cikin yawancin abin da na faɗa: kwamitin da ke bin gida-gida don kuɗin tabarma da batir, ladanin da ba shi da albashi, attajirin da ke son gina sabon masallaci da sunansa alhali na kusa da gidansa yana yoyo. Inda nake ganin akwai abin koyo shi ne littafin kuɗi da karanta shi a bainar jama'a. Kuma abin da ba a cika faɗa ba, birkila da kafinta da mai walda da ke aiki a coci a Zariya ko Kano ko Katsina sau da yawa Musulmi ne, yana ajiye aiki ya je ya yi azahar ya dawo. A Wusasa kanta akwai gidajen da kaka ɗaya ta haifi Musulmi da Kirista, suna zuwa sunan juna da jana'izar juna.

Shi kuwa tsohon ginin ƙasa na Wusasa, haɗarin da ke gabansa ya wuce na kuɗi. Magina masu sanin ɗaurin bakan gizo da haɗin laso suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma bulo, marinar da ake samun katsi tana mutuwa, giginyar da ake tsaga azara tana wuya. Hanya mafi sauƙi ita ce a shafe bango da siminti, alhali siminti a kan ƙasa yana riƙe danshi ne a ciki, bango ya ruɓe a ɓoye har ranar da zai zubo gaba ɗaya. Kirana ga dayosis ɗin Wusasa, da Masarautar Zazzau da ke da Sarkin Magina, da sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan kusa a Samaru, da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, shi ne su zauna tun yanzu su ɗauki samari a koya musu wannan aiki a jikin ginin kansa, tun masu koyarwar suna da ƙarfin hawa soro. A 2029 cocin zai cika shekara ɗari.